Yadda Za Ka Ziyarci Aswan, Birnin Nubiyawa a Bakin Kogin Nilu

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunan Aswan ba sai a watan Mayun 2023, lokacin da aka kwaso ɗaliban Najeriya da yaƙin Sudan ya rutsa da su, suka tsallako iyakar Masar, aka ɗebo su daga filin jirgin garin zuwa Abuja. Wanda ya bi ta nan a cikin wancan hali bai ga gari ba, wahala ya gani. Aswan ita ce ƙofar Masar ta kudu, kimanin kilomita 900 daga Alƙahira, a daidai inda Nilu ke ratsa manyan duwatsu ya rarrabu ya bar tsibirai a tsakiyarsa. Nan ne farkon ƙasar Nubiyawa, baƙaƙen mutanen da ke zaune a bakin kogin tun daga nan har cikin arewacin Sudan.

Abin da ke ɓata wa yawancin baƙi tafiyar shi ne gaggawa. Su sauka da dare, a kwashe su da asuba zuwa Abu Simbel, washegari su wuce Luksor, su ce sun je Aswan. Garin nan abu biyu ne ke tsara masa rana: zafin rana da kogi. Idan ka bi tsarinsu, kwana huɗu sun ishe ka.

Da farko, zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Rana tana da daɗi, dare kuma yana da sanyi sosai, musamman a kan ruwa, don haka ka sa rigar sanyi a jaka. Daga Mayu zuwa Satumba zafi kan haura digiri 40 kusan kullum. Kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato ko na Agadas. A gida da rana tsaka inuwa kake nema, a can kuwa yawo za ka yi a kan dutse. Ruwan sama kusan babu shi, sai a yi shekara ba a ga ɗigo ba. In tafiyarka ta faɗo cikin azumi, ka sani wuraren tarihi kan rufe da wuri.

Takardu da kaya

Ɗan Najeriya yana neman biza ne a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja tun kafin ya tashi, ɗan Nijar kuma a na Yamai. Ka fara nema da wuri, kuma ka tambayi sharuɗɗan da bakinka, domin sukan canza. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Idan da iyali za ka, ka riƙe takardar shaidar aure, saboda wasu otal-otal sukan nema kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya.

Abu biyu kada su shiga jakarka ko da wasa. Na ɗaya tiramadol da danginsa: dokar Masar tana da tsanani a kansu, kuma cewa saƙon wani ne ba ya fitar da mutum. Duk maganin da kake sha, ka bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Na biyu jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, an hana shiga da shi ba tare da izini ba. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Nijar, saboda haka mai caja mai ƙafa uku irin ta Najeriya ya nemi adafta.

Maganar kuɗi tana da ɗan sarƙaƙiya. Tun 2023 manyan wuraren tarihi suka koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki kawai, ba sa karɓar tsaba. Kenan kana buƙatar katin da ke aiki a ƙasar waje, ka kuma gwada shi tun a Alƙahira. A gefe guda, mai kwalekwale da mai tasi da mai shayi tsaba suke so, fam ɗin Masar, wanda suke kira gine. Ka canza dala a banki ko wurin canjin da gwamnati ta amince da shi, ka nemi a ba ka ƙananan takardu masu yawa, domin canji yana wuya, ga kuma al'adar bakshish, ɗan ihsanin da ake ba mai gadi da mai ɗaukar kaya da mai kula da banɗaki. Farashin tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Ɗalibi mai katin shaida da ake karɓa yakan samu ragin rabi, abin da ya kamata 'yan'uwanmu na Azhar su lura da shi.

Hanya daga Alƙahira

Jirgin sama na EgyptAir yana kai mutum Aswan cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Jirgin ƙasa kuwa yana cin awa goma sha uku ko fiye. Akwai na kwana mai gadaje, wanda ke tashi da daddare ya isa da hantsi, akwai kuma na zama mai na'urar sanyi. Baƙo da dala ake yi masa farashi. Ka duba tikitinka da kyau ka ga daga wace tasha zai tashi, domin ban da Ramsis da Giza, yanzu akwai sabuwar tashar Bashtil da aka gina domin jiragen kudu.

Ni dai na fi son mutum ya tafi a jirgin ƙasa, ya dawo a na sama. Da gari ya waye za ka ga yadda ƙasar take ta taga: gonakin rake da dabino a ɗan siririn fili a bakin ruwa, bayansu kuma hamada tsagwaronta. Tashar jirgin tana tsakiyar gari, da ƙafa ma sai ka isa bakin kogi. Filin jirgin sama yana wajen gari, tafiyar kusan rabin awa, kuma tasi ba ta aiki da mita, sai an yi ciniki kafin a shiga.

Inda za ka sauka

Zaɓi uku ne. Akwai cikin gari a gabar gabas, kusa da titin bakin kogi da suke kira Kurnish, inda kasuwa da bankuna da masallatai suke. Akwai tsibirin Elifantin da ke tsakiyar kogi, daura da gari. Akwai kuma ƙauyukan gabar yamma, irin su Garb Suhail.

Shawarata tsibirin. Babu mota a cikinsa, ƙauyuka biyu ne na Nubiyawa, Siyu da Koti, da lambuna a tsakaninsu, kuma ƙaramin jirgin fito na jama'a yana kai da kawo cikin 'yan mintoci da kuɗi kaɗan. Iyalai da dama sun mayar da sashen gidajensu masauki. Ka tambayi mai gida ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi da dare, kada ka maƙale a ƙetare ka biya shata. A jiragen fito na jama'a, maza da mata kowa da ɓangarensa; duba inda maza suka zauna ka bi su. Mai halin kashe kuɗi yana da otal ɗin Old Cataract, wanda aka gina a 1899 a kan dutse yana kallon tsibirin.

Rana ta farko: fara da gidan tarihi

Kafin ka je kallon kowane gini, shiga Gidan Tarihin Nubiya, wanda aka buɗe a 1997. Awa biyu a ciki za su sa duk abin da za ka gani daga baya ya yi maka ma'ana. A nan za ka ga cewa mutanen nan ba 'yan rakiya ba ne a tarihin Masar. Sarakunan Kush, tsohuwar daular Nubiya, irin su Piye da Taharka, sun mulki Masar gaba ɗayanta kusan shekara ɗari, a ƙarni na takwas da na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya suka kafa daulolin Kirista, kuma da rundunar Musulmi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh ta kai Dongola a wajajen shekarar 652, sulhu aka yi, yarjejeniyar da ake kira Baƙt, wadda ta ɗore kusan shekara ɗari shida. Musulunci a hankali ya shige su, ta hanyar fatauci da auratayya.

Sashen da ya fi taɓa zuciya shi ne na madatsar ruwa. Turawan Ingila sun gina ƙaramar madatsa a 1902, aka ƙara mata tsawo sau biyu, kowane ƙari yana cin ƙauyuka. Sai Jamal Abdul Nasir ya gina babbar tsakanin 1960 da 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai kimanin kilomita 500, ya haɗiye tsohuwar ƙasar Nubiya. An tashi mutane fiye da dubu ɗari: na ɓangaren Masar aka kai su yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogi, na Wadi Halfa a Sudan aka kai su Khashm al-Girba. Wanda ya san yadda ruwan Kainji ya ci tsohuwar Busa ya san irin wannan ciwo. Har yau maganar komawa bakin tafki tana bakin dattawansu. In an buɗe maka hirar, ka saurara; in ba a buɗe ba, kada ka tsokano ta, musamman a bainar jama'a.

Daga nan, idan rana ba ta take ba, ka leƙa tsohuwar maƙabartar Fatimiyya mai ƙubbobin tubali, sannan ka wuce wurin fasa dutse inda wani dogon ginshiƙi yake kwance ba a gama sassaƙa shi ba. Tsawonsa kusan mita 42, nauyinsa ya haura tan dubu. Ana cikin aikin dutsen ya tsage, aka bar shi a nan fiye da shekara dubu uku. A jikinsa ana ganin sawun duwatsun da aka riƙa dandaƙarsa da su. Rabin awa ya isa, domin babu inuwa.

Bayan la'asar sai kogi. Faluka jirgin ruwa ne mai tanti da iska ke turawa, babu inji. Da ka taka Kurnish za su yi maka caa. Kada ka ruɗe. Zaɓi mutum ɗaya, ka kira shi "ya rayyis", ka daidaita abu huɗu kana tsaye a tudu: awa nawa, ina da ina za a bi, kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya ko na kowane kai, kuma da gine na Masar ake magana. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, domin akwai mai cewa "fam ashirin", sai an dawo ya ce na Ingila yake nufi. Ka biya bayan an sauke ka. Ka kuma ɗaga kai ka duba ganyen dabino: in ba ya motsi, babu iska, falukar ba za ta je ko'ina ba, gara ka ɗauki mai inji. In akwai iska, ka ce a zagaya da kai tsibirin Elifantin, a tsaya a tsibirin lambu da ake kira da sunan Kicina, ka hango ƙubbar Aga Khan na uku, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya, wanda ya rasu a 1957, a saman tudun yamma.

Rana ta biyu: Fila da madatsa

Ka fita da sassafe. Haikalin Fila, wanda aka gina wa Isis, abar bautar Masarawan da, yana kan tsibiri ne tsakanin madatsun biyu. Asalin tsibirinsa ruwa ya rufe shi, sai UNESCO ta jagoranci kwance ginin dutse bayan dutse, aka sake ɗora shi a tsibirin Agilkiya, aikin da aka kammala a 1980. A nan aka yi rubutu na ƙarshe da aka sani da tsohon rubutun Fir'aunoni, a shekara ta 394, kuma za ka ga alamun gicciye da Kiristoci suka sassaƙa a bango da suka mayar da wurin coci.

Inda baƙi ke shan haushi shi ne mashigar jirgi. Tikitin shiga daban, kuɗin kwalekwale daban, kuma kwalekwalen ɗungurungum ake biya. In kai kaɗai ne, ka ɗan dakata a bakin ƙofa har wasu su zo ku haɗa kuɗi. Ka ce wa matuƙin "rayih gai", wato zuwa da dawowa, ku yanke tsawon lokacin da zai jira, awa ɗaya da rabi ya fi, sannan ka ɗauki hoton jirgin da wayarka. Idan ka fito za ka tarar da jirage birjik duk kama ɗaya, kowa yana ɗaga maka hannu.

Babbar madatsar kuwa, gaskiya babu wani abin kallo sosai. Tsawonta ya kusa kilomita huɗu, tsayinta mita 111, amma kana kanta titi kawai kake gani, da ruwa a dama, kogi a hagu. Je ka don ka ga girman tafkin, minti ashirin, ka wuce. Wuri ne na soja, kada ka nuna kyamara inda ba a ce ba. In kana da sauran ƙarfi, haikalin Kalabsha yana kusa, kuma sau da yawa babu kowa a ciki.

Rana ta uku: Abu Simbel

Tafiyar kimanin kilomita 280 ce cikin hamada, awa uku zuwa huɗu, har kusa da iyakar Sudan. Ka shirya tun jiya: mai masaukinka zai haɗa ka da mota, zai karɓi hoton fasfonka domin a rubuta sunanka, saboda akwai shingayen bincike a hanya. Motoci kan tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, don haka ka yi alwala tun a gida, ka gaya wa direba kana son tsayawa salla. Ka riƙe fasfo na ainihi a jikinka. A wannan yanki za a iya ɗaukarka ɗan Sudan, a yi maka Larabci kai tsaye, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ake yawan duba takardu.

Fir'auna Ramsis na biyu ne ya sa aka fafe dutse aka yi haikalai biyu, kimanin shekara 3,200 da suka wuce. A gaban babban akwai gumakansa huɗu a zaune, kowanne kusan mita 20, ɗaya ya karye tun zamanin da, kansa yana ƙasa. Ƙaramin na matarsa Nafartari ne. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka su gunduwa-gunduwa, aka haurar da su mita 65 sama don kada tafki ya cinye su. In ka matsa kusa da fuskokin za ka ga layin yankan. A ranakun 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba hasken safiya yana ratsawa har ƙuryar ciki, kuma cunkoson ranar ba a magana. Masu yi wa baƙi bayani za su ce maka wannan shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Masana ba su haɗu a kan haka ba. Gawarsa dai tana gidan tarihi na Fustat a Alƙahira.

Motocin haɗaka awa biyu suke ba mutane. Wanda ba ya son tashin asuba yana iya kwana a garin Abu Simbel, ya shiga da yamma bayan taro ya watse.

Rana ta huɗu: ƙauye da kasuwa

Garb Suhail ita ce ƙauyen da kake gani a hotuna, gidaje shuɗi da rawaya da ja. Tana da kyau, amma ka sani an yi mata kwalliya ne domin baƙi, babban titinta kusan duk shaguna ne. A wasu gidajen ana ajiye kada a cikin ramin siminti ana ba mutane 'ya'yansa su riƙe a ɗauki hoto. Ban ga abin burgewa a ciki ba. In kana son ganin zama na gaskiya, ka bi lungunan Siyu da Koti da ƙafa, ko ka nemi a kai ka tsibirin Hesa. Gidajen laka ne masu rufin baka, tsakar gida shimfiɗe da yashi, dakali a ƙofa, randunan ruwa a inuwa, wani bangon an zana jirgi da Ka'aba alamar mai gidan ya sauke farali. Yarensu biyu ne, Kenzi da Fadija, ga Larabci. Yi sallama, cire takalmi, kada ka ɗauki hoton mace sai da izini. Za a kawo maka shayi ko jabana, gahawa mai citta da ake dafawa a ɗan tulun laka. In gidan karɓar baƙi ne, ka ajiye wani abu. In gayyatar mutunci ce, tsaraba ga yara ta fi kuɗi.

Mai ƙarfin gwiwa ya hau Ƙubbatul Hawa, tudun da ke gabar yamma inda kaburburan hakiman zamanin da suke, ciki har da na Harkhuf, wanda ya rubuta labarin fataucinsa zuwa kudu a ƙofar kabarinsa. Daga sama ana ganin gari duka. Za ka ga samari suna wanka a kogi. Ka guji inda ruwa yake kwance, saboda tsargiya.

Abinci ba zai yi maka baƙunta ba. Akwai miyar kuɓewa ɗanya da busasshiya, akwai miyar lalo da suke kira mulukhiyya, akwai karfasa gasasshiya da giwan ruwa daga tafki, da gurasar da ake shanyawa a rana ta kumbura kafin a gasa, aish shamsi. Da safe wake ne, ful, da ta'amiyya, irin ƙosansu. Ruwan gora za ka sha.

Kasuwa tana bin bayan Kurnish tun daga tashar jirgin ƙasa, kuma bayan magariba take ci. Can kusa da tasha mutanen gari ke sayayya, farashi ya fi sauƙi. Zoɓo, wanda suke kira karkade, shi ne abin da Aswan ta yi suna a kansa, sai gyaɗa da ake soyawa cikin yashi, da busasshen dabino, da goruba, da lalle, da turaren wuta. Ka ɗebi zoɓon a hannu: mai kyau furensa cikakke ne, ba gari-gari ba. Abin da ake tallatawa da sunan za'afaran da arha yawanci ba shi ba ne. Ciniki kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba. In ba ka so, "la, shukran" sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya.

Fita

In Luksor ka nufa, kimanin kilomita 220 ne. Ɗauki mota shata ka tsaya a Kom Ombo ka ga haikalin bakin kogi da gidan busassun kadoji, sannan haikalin Edfu. Mai sha'awar dabbobi ya tambayi ranar da kasuwar raƙuma ta Daraw ke ci, inda ake kawo raƙuma daga Sudan. Ka sayi tikitin jirgin komawa tun ranar da ka sauka, domin a lokacin sanyi kujeru kan ƙare. Kuma duk wanda ya ja ka gefe ya nuna maka wani ɗan gunki ko tsohon tsabar kuɗi ya ce daga kabari aka tono, ka bar masa kayansa: in na jabu ne ka yi asara, in na gaske ne fitar da shi daga Masar laifi ne da ke kai mutum gidan yari.